Bayan Dashen Ƙoda, Babu Ƙaramin Zazzaɓi

Idan mutumin unguwar Rayfield ta Jos ya dawo daga dashen ƙoda, ko a Abuja aka yi masa, ko Kano, ko Indiya, kafin ya gama sauke jaka falo ya cika. 'Yan'uwa sun taso daga Bukuru, abokan kasuwa daga Taminus, jama'ar masallaci ko ta coci sun zo ayari guda. "Sannu da jiki, Alhaji." "Mama, Allah ya ƙara sauƙi." A miƙa hannu, a rungume, a ɗora masa jika mai majina a cinya, wata ta kawo fura da nono, wani ya shigo da tsire a naɗe cikin takarda. Zumunci ne tsantsa, kuma babu mai son a rage shi. Sai dai a waɗannan makonni ne jikin mutumin ya fi rauni a gaban ƙwayoyin cuta, kuma likitocinsa ne suka raunana shi da gangan.

Aikin garkuwar jiki shi ne ta gane abin da ba nata ba, ta far masa. Ƙodar ƙani ko ta ɗa, duk kusancin jini, baƙuwa ce a wurinta. Shi ya sa dashen farko da ya ɗore, wanda Dakta Joseph Murray ya yi a Boston ta Amurka ranar 23 ga Disamba, 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, inda jiki bai ga baƙo ba. Sauran jama'a sai da magani. A yau yawancin waɗanda aka dasa wa ƙoda suna shan haɗin magunguna uku: takrolimus ko saikulosforin, da maikofenolet wanda aka fi sani da CellCept, da firednisolon. Kullum ake sha, a kan lokaci, muddin ƙodar tana jiki. Su ne ke danne garkuwa don kada ta kashe ƙodar. Amma garkuwar da aka danne ita ce dai mai yaƙi da tarin fuka, da mura, da tsutsar ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A Najeriya an fara dashen ƙoda a asibitin St. Nicholas da ke Legas a shekarar 2000. A 2002 Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife suka bi sahu, na Maiduguri ya shigo a 2010. Farfesa Fatiu Arogundade na Ile-Ife ya tattara alƙaluman shekaru goman farko: dashe 143 a cibiyoyi biyar. Bayan shekara guda, kimanin 90 cikin 100 na marasa lafiyar suna raye. Bayan shekara biyar adadin ya sauko zuwa kusan 73. Wato tiyatar kanta ana tsallake ta. A shekarun da ke biyo baya ake yin asara. A ƙasashe masu arziki ciwon zuciya ne kan gaba wajen kashe masu dashe, amma a ƙasashe irin namu cututtukan da ƙwayoyi ke haddasawa suna cikin manyan masu ɗaukar rai, kuma yawancinsu ana iya tare su.

Likitocin dashe sun daɗe da lura cewa kowace cuta da lokacinta. A watan farko, abin tsoro shi ne na asibiti: wurin yanka ya ruɓe, huhu ya kamu saboda kwanciya, ƙwayar cuta ta bi robar fitsari ko ta jijiya ta shiga jini, ko kuma wata cuta ta taho cikin ƙodar daga jikin wanda ya bayar. Daga wata na biyu zuwa na shida, har zuwa shekara, lokacin da magani ya fi ƙarfi, ƙwayoyin da ke kwance a jiki tun yarinta su ke farkawa. Bayan nan, idan an rage magani kuma ƙoda na aiki, mutum yakan koma kamuwa da abin da maƙwabta ke kamuwa da shi, sai dai nasa ya fi tsanani.

Ciwon da ya fi yawa shi ne na hanyar fitsari. Sabuwar ƙoda ba a baya ake sa ta ba, a mara ake dasa ta, dama ko hagu, a haɗa bututunta da mafitsara, a bar tsofaffin a inda suke. Bututun gajere ne, ƙwayar cuta ba ta da nisan tafiya daga mafitsara zuwa ƙoda. Sau da yawa ana barin wata siririyar roba a cikinsa don kada ɗinkin ya toshe, kuma dole a ciro ta bayan 'yan makonni. Wanda aka yi wa aiki a waje, ya dawo bai san akwai ta ba, ko ya manta ranar cirewa, ya ajiye wa ƙwayoyin cuta mazauni. Zafin fitsari, yawan zagayawa, fitsari mai wari ko mai duhu, ciwo a gefen mara inda ƙodar take, duk dalilai ne na kai fitsari ɗakin gwaji a ranar, a shuka shi a ga wace ƙwaya ce, kuma wane magani ke kashe ta. Mata sun fi kamuwa, haka masu ciwon suga, wanda takrolimus da firednisolon kansu kan janyo.

Ƙwayar Septrin, wadda ake samu a kowane kemis kuma ba ta da tsada, na cikin abubuwan da suka fi ceton rai a wannan fanni. Ana ba masu dashe ita kullum na aƙalla wata shida. Tana rage ciwon fitsari, tana kuma hana wani mugun ciwon huhu da ƙwayar numosistis ke kawowa, mai farawa da busasshen tari da haki idan an hau bene, ya kai mutum ga na'urar numfashi cikin kwanaki. Abin takaici, ita ce wadda mutane suka fi saurin yarwa, saboda sun raina ta.

Akwai kuma ƙwayar CMV. Gwaje-gwajen da aka yi wa masu ba da jini a biranen Najeriya sun nuna fiye da 90 cikin 100 sun taɓa kamuwa da ita, yawanci tun suna yara, ba tare da sun sani ba. Ba ta barin jiki. Idan garkuwa ta yi ƙasa sai ta tashi da zazzaɓi, kasala, gudawa, raguwar fararen ƙwayoyin jini, wani lokaci ta taɓa huhu ko ido. Maganin da ke tare ta, Valcyte, ana shan sa wata uku zuwa shida, kuma yana da tsada ƙwarai. Inda ba a iya saye, hanya ta biyu ita ce a riƙa auna ta a jini a kai a kai, a fara magani da zarar ta ɗago. Barin duka biyun shi ne ganganci.

Ita kuwa ƙwayar BK, sunanta haruffan farko ne na sunan wani ɗan Sudan da aka dasa wa ƙoda a Landan, wanda a fitsarinsa Dakta Sylvia Gardner ta gano ta a 1971. Ba ta kawo zazzaɓi, ba ta kawo ciwo. A hankali take cin sabuwar ƙodar, sai dai a ga alƙaluman gwajin ƙoda suna hawa. Babu tabbataccen maganin kashe ta. Rage magungunan danne garkuwa ake yi da lissafi. Haɗarin shi ne, likitan da bai auna ta ba zai iya zaton jiki ne ke ƙin ƙodar, ya ƙara maganin, ya ƙara wa cutar ƙarfi.

Wannan ƙwayar ta nuna yadda masu dashe ke tafiya a kan siraɗi. Magani ya yi yawa, cuta ta shigo; ya yi kaɗan, ƙoda ta tafi. Babu mai iya gane tsakiyar da ido, sai da gwajin jini da ke auna yawan takrolimus, wanda ake ɗiba da safe kafin a sha na ranar.

Babu inda wannan lissafi ya fi wuya kamar a tarin fuka. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan cuta, kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa kowace shekara a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar a kwance, garkuwarsu ta killace ta. A mai dashe, haɗarin ta tashi ya ninka na sauran jama'a fiye da sau ashirin, kuma ba dole ta zo da tari ba. Tana iya zuwa da zazzaɓin yamma da ya ƙi ji, gumin dare, rama, kumburin kaluluwa a wuya, ko ciwon ƙashin baya. Shi ya sa ake duba mai karɓa da mai bayarwa tun kafin aiki, a ɗauki hoton ƙirji, a ba wanda ake zargi isoniyazid na wata shida zuwa tara.

Ga inda ake yawan faɗawa. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma ginshiƙinsa shi ne rifamfisin, mai sa fitsari ya yi ja. Rifamfisin yana sa hanta ta narkar da takrolimus da sauri, har yawansa a jini ya faɗi warwas. Mai dashen da ya je cibiyar tarin fuka ya karɓi magani kamar kowa, bai gaya wa ma'aikacin cewa yana da dasasshiyar ƙoda ba, bai kuma gaya wa likitan ƙodarsa ba, zai iya warkewa daga tari ya rasa ƙoda cikin makonni. Likitoci kan ninka takrolimus sau uku ko fiye a wannan lokaci, ko su sauya rifamfisin da wani. Kiran waya ɗaya tsakanin likitocin biyu ya isa ya hana wannan asara.

Jos tana da abubuwan da mara lafiya zai so: tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iska mai sanyi, kayan lambu ɗanye shar. Amma kowanne da abin lura. Haƙar kuza da Turawa suka fara a farkon ƙarni na 20, wadda ta haifar da unguwar Rayfield da filin wasan golf ɗinta na 1913, ta bar manyan ramuka da suka cika da ruwa. Tafkin wurin shaƙatawa na Rayfield ɗaya ne daga cikinsu. Da ruwan irin waɗannan tafkuna da na rafuka ake noman rani a kewayen Jos, kabeji da latas da karas da tumatir da ke cika kasuwar Farin Gada. Ruwan da dabbobi ke sha, ake wanki a ciki, kwata ke gangarawa cikinsa, shi ne ke kan ganyen latas. Mai lafiya zai ci ya yi gudawar kwana ɗaya. Mai dashe zai iya kwashe makonni, jikinsa ya bushe, kuma gudawa tana sa takrolimus ya hau a jini har ya ƙona ƙodar. A watannin farko a dafa kayan lambu. Daga baya a wanke da tsaftataccen ruwa a gida, a feƙe abin da ake feƙewa, a ƙyale salat ɗin biki da yankakken kankana na bakin titi. Shiga tafki iyo kuwa a bar shi gaba ɗaya, saboda tsargiya da sauran ƙwayoyin da ke cikin ruwan da ba ya gudu.

Ruwan sha a tafasa shi, ko na rijiya ne ko na burtsatse. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, kuma Filato na cikin jihohin da ta shiga. Zoɓo da kunun aya a yi su a gida da dafaffen ruwa. Nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale, cututtukan da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, nan kusa, ta daɗe tana aiki a kansu. Tsire da balangu a ci da zafinsu daga kan wuta, ba wanda ya wuni a faranti ba. Ƙwai a dafa shi sosai.

Hunturun Jos na zuwa da ƙura da mura, mutane su rufe tagogi su taru ɗaki ɗaya. Nan takunkumi ke da amfani, a kasuwa, a motar haya, a asibiti. Mai kiwon tattabara ko kaji ya miƙa wa wani sharar ɗakinsu, domin busasshen kashin tattabara na ɗauke da ƙwayar kiriftokokus mai kawo sanƙarau a hankali, wanda alamarsa ta farko ciwon kai ne da ya ƙi tafiya. Mai sha'awar lambu ya sa safar hannu da takalmi. Akwai tsutsar da ke huda tafin ƙafa ta zauna a hanji shekaru, sai an sha firednisolon ta bazu har huhu. Aibamektin, maganin da aka yi shekaru ana rabawa a ƙauyukan Filato don dundumi da tundurmi, shi ke kashe ta, kuma ya fi kyau a sha kafin dashe.

Mutanen Jos sun san zazzaɓin Lassa tun kafin duniya ta san shi. A 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya daga garin Lassa zuwa asibitin mishan na Jos, ta rasu, abokiyar aikinta ta bi ta. A 1970 cutar ta sake ɓarkewa a garin, ta kashe Dakta Jeanette Troup. Har yau takan dawo da rani. Rufe hatsi da garin abinci, toshe ramukan ɓera, daina shanya abinci a ƙasa, wajibi ne ga kowane gida, balle gidan da ke da mai dashe. Sauro ma sanyin Jos bai kore shi ba, don haka gidan sauro ba zaɓi ba ne.

Duk wannan taka-tsantsan ba zai hana zazzaɓi zuwa wata rana ba, kuma abin da aka yi a sa'o'in farko shi ne ke raba rai da mutuwa. Al'adarmu sananniya ce: jiki ya yi zafi, a aiki yaro kemis. "Maleriya ce da taifot, Yallaɓai, ga allura uku, ga maganin ciwon jiki." Allurar na iya zama jentamaisin, maganin ciwon jikin diklofenak ko ibufurofen, kuma dukansu guba ne ga ƙodar da ita kaɗai ke aiki. Iritromaisin da fulukonazol suna ɗaga takrolimus, jiƙe-jiƙe da sassaƙe kuwa babu wanda ya san me suke yi masa. Ga kuma firednisolon yana ɓoye zazzaɓi, har cuta ta shiga jini mutum na cewa kasala ce kawai. Ya kamata kowane mai dashe ya mallaki ma'aunin zafin jiki. Ya kai 38, ko ana rawar sanyi, ko fitsari ya ragu, ko amai ya hana magani zama a ciki, to a kira likitan ƙoda, a nufi babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo a daren, ba gobe ba. A gwada maleriya, amma ko an same ta a duba jini da fitsari da ƙirji. Kuma kada mara lafiya ya dakatar da magungunan dashensa da kansa wai don garkuwa ta dawo.

Allurar rigakafi kafin dashe ake gama ta, lokacin da jiki ke iya amsawa. Ta ciwon hanta nau'in B ce kan gaba. Binciken ƙasa na 2018 ya gano kimanin 8 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da shi. Sai ta ciwon huhu, ta mashaƙo da tsinkau-tsinkau, ta sanƙarau. Bayan dashe an hana duk rigakafin da ke da rayayyar ƙwaya a ciki: ta shawara, ta ƙyanda, ta ƙarambau, da ɗigon shan inna na baki. Maniyyaci ko matafiyin da ake nema wa katin shawara, likitansa zai rubuta masa takardar uzuri. Yaran gida kuwa a yi musu rigakafinsu cif, domin kariyarsu kariyarsa ce. Idan an ɗiga wa jariri maganin shan inna, mai dashe ya bar wa wasu wanke masa kashi na wata guda zuwa mako shida, ya yawaita wanke hannu da sabulu. Duk wani baƙin tabo mai tasowa a ƙafa ko a baki a nuna wa likita. A cikin mutum 143 na alƙaluman Farfesa Arogundade, takwas sun kamu da sankara, musamman ta Kaposi, wadda wata ƙwayar cuta ke tayarwa idan garkuwa ta faɗi.

Masu sayen ƙoda a ɓoye a ƙasashen waje su suka fi dawowa da masifa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki, haka Sanarwar Istanbul ta 2008. Ban da zaluncin da ake yi wa talakan da ya sayar, wanda ya saya yakan dawo da ciwon hanta, ko ƙanjamau, ko ƙwayar da ba ta jin magani, sau da yawa ba tare da ko takardar bayanin aikin da aka yi masa ba.

Wanda ya bi halaliyar hanya ma yana da gibin da ya kamata a cike. Dangi kan sayar da fili da mota, a yi gidauniya a masallaci ko coci, a tara miliyoyin tiyata, ba a ware ko kwabo don magani da gwaje-gwajen shekarar farko ba. Kuɗi ya ƙare a wata na huɗu, a fara tsallake gwaji, a raba ƙwaya biyu. Duk iyalin da ke shirin dashe su sa kuɗin shekara guda na magani da gwaji cikin lissafin tun farko. Kafin a baro cibiyar da aka yi aikin a karɓi cikakken rahoto a rubuce: sakamakon gwajin mai bayarwa, magunguna da ranar tsayar da kowanne, ranar ciro roba, da lambar da za a kira da tsakar dare. A kai wa likitan ƙoda a Jos a makon farko, tun ana lafiya. Gwamnatin Filato da hukumomin inshorar lafiya kuma su duba yadda gwajin takrolimus da na CMV da BK za su samu a cikin jihar a farashin da talaka zai iya, su kuma sa magungunan bayan dashe cikin abin da ake tallafawa. 'Yan dubiya su ma da nasu rabon: mai tari ko mura ya yi gaisuwarsa ta waya, wanda ya zo ya wanke hannu a ƙofa, ya yi addu'a, ya taƙaita zama.